Tabon Da Ya Ƙi Kankaruwa

Saura ƙiris gilashin ƙara girma ya suɓuce daga hannun Auta.

Ta sake matsawa kusa da hoton da ke rataye a tsakiyar bango. Bayanta zauren baje kolin zane ya cika maƙil, ana ta shewa, ana ta cewa, "Kai, yaron nan akwai hannu!" Ita kuwa idonta na kan hoton.

Fuskar da ke jikin takardar ta 'Yar Gata ce, 'yar mai zauren. Hancin nata ne, bakin nata ne, sarƙar wuyan ma tata ce. Amma a saman gira, ƙarƙashin wasu layuka da aka saƙa don su yi inuwa, akwai wani ɗan tabo siriri da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

'Yar Gata ba ta da tabo a gira.

Auta ta ɗaga yatsa a hankali ta taɓa tata girar.

"Ya yi kyau, ko?"

Ko ba ta waiwaya ba, turaren ya gaya mata mai maganar. 'Yar Gata ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita tana murmushi.

"An ce ke ce gwanar karanta zane. To, karanta mana wannan."

"Farantin nan..." in ji Auta. "A kan wane faranti aka yi shi?"

"Au, kin gane shi? Shi ne mana! Ni na ce ya yi a kansa. Jan ƙarfe mai kyau irin wannan, ai asara ce a bar shi a kwance." Ta gyara zaman zobenta. "Kada ki tafi, ƙawata. Abba zai yi wata 'yar sanarwa yanzu. Ki tsaya ki sha lemo."

Can ƙarshen zauren Auta ta hango Mai Zane cikin sabuwar riga, mutane sun kewaye shi. Idonsu ya haɗu. Shi ya fara sunkuyar da kai.

Tana bakin ƙofa ta ji mai zauren ya daki kofi da cokali yana neman a yi shiru. Tana kan matakala ta ji kalmar baiko, sai tafi ya biyo baya. Ta saurara ko za ta ji muryar Mai Zane ya ce a'a, ba haka aka yi ba.

Ba ta ji ba.

* * *

Wanda bai san farantin nan ba zai ce abin bai kai ya kawo ba, don haka bari mu koma baya da shekara guda.

Auta ma'aikaciya ce a ɗakin tsofaffin zane na gidan adana kayan tarihi. Ɗaki ne a hawa na biyu, labulensa kullum a sake, domin rana ba ta ga maciji da tsohuwar takarda. Durowoyi ne masu faɗi jere da bango, cike da fuskokin mutanen ƙarni na sha tara, wasu da fensir, wasu da gawayi, wasu bugun jan ƙarfe. Ba a shiga da biro, ba a shiga da ruwa, kuma in ka yi atishawa kusa da teburi, kallon da Auta za ta yi maka ya isa ya hana ka sakewa har abada.

Ranar da Mai Zane ya fara zuwa, hannunsa ta kalla kafin fuskarsa.

"Malam, je ka wanke hannu."

"Na wanke, Malama."

"Da me? Da tawada?"

Ya koma famfo, ya dawo. Ta duba faratansa, ta sake nuna masa hanya. Sai a karo na uku ta jefa masa safar hannu, yana dariya, ita kuwa ta ɗaure fuska kamar ba ta ga abin dariya ba.

Ya ce ya zo ganin yadda mutanen da suke zana fuska. Ta fito masa da hoton wani tsoho na fensir.

"Me ka gani?"

"Tsoho mai gemu."

"Ko jikata sai ta ga haka, kuma ban yi aure ba tukuna. Duba rigarsa, layi nawa ne?"

Ya ƙirga. "Huɗu."

"Yanzu duba ƙasan idonsa."

Ya karɓi gilashin ya duƙa, ya daɗe bai ɗago ba. A wurin da bai fi faɗin farce ba, fensir ya koma ya fi sau talatin, a hankali, yana bin kowace tamoji.

"Ubansa ne ko malaminsa," in ji Auta. "Ba a rubuta ba, amma ni na sani. Duk inda hannun mai zane ya ƙi tashi, can hankalinsa yake. Rigar aiki ce kawai."

Daga ranar Mai Zane ya mai da ɗakin gidansu. Sana'arsa bugun jan ƙarfe ce, irin ta mutanen da. Ana shafa kakin zuma a farantin jan ƙarfe, a zana da allura, a tsoma a ruwan asid. Asid ya ci duk inda allura ta bi, kuma yawan daɗewarsa a ciki, yawan zurfin layin. Sai a cika ramukan da tawada, a danne faranti a kan takarda mai laima. Abin da ya fito yakan zo a juye, kamar fuskarka a madubi.

A wata na biyu ta nuna masa abin da ba ta nuna wa kowa. Takardu biyu ne daga durowa ta tara, na wani mai zane da sunansa ya ɓace.

Ta farko wata mai ɗinki ce, kai a sunkuye, allura a hannu.

"Duba, allurar tana hannun hagu," in ji Auta. "Ba bahaguwa ba ce. Tana zaune a gabansa ya zana ta kai tsaye a jikin farantin, bai tsaya juya hoton ba. Ya ƙagu, ka gane? Tsoro yake kada ta tashi."

Ta biyu matar wani attajiri ce, da sarƙa da leshi. Mai Zane ya kalle ta, ya kalli ta farkon, sai ya ja numfashi.

"Faranti ɗaya ne!"

"Ɗaya ne. An kankare fuskar mai ɗinki, an sa wannan a gurbinta. Amma duba kunnen."

Ƙarƙashin gashin matar attajirin, kunnen mai ɗinki yana nan, dishi-dishi.

"Dole aka yi masa," in ji Auta, muryarta ta yi laushi. "Yunwa ce ko tsoron masu kuɗi. Amma ya bar kunnen da gangan, don in ta gani ta san bai manta da ita ba. Shekara huɗu ina kallon hoton nan, har yau tausayinsu nake ji. Matar nan kuwa ko kallonta ba na son yi."

Haka ma ta rubuta a katin bayanin da ke cikin durowar: an sauya fuskar bisa umarnin mai saye.

"Ni dai ko za a yanka ni ba zan yi haka ba," in ji Mai Zane.

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa. Ina dai so a sani."

Sai a ranar ya ga dariyarta.

* * *

Asabar uku ta zauna masa a shagonsa, da rana, ƙofa a buɗe. Shago ne ƙarami a bayan layin masu walda, injin bugu ya cinye rabinsa, takardu na shanye a igiya kamar wanki. Warin asid ya sa ta tari, kujerar kuma ƙafarta ɗaya gajera ce, sai da aka tokare ta da littafi.

"Kada ki motsa, Idona." Sunan da ya raɗa mata ke nan.

"Wuyana ya ƙage!"

"Minti biyar, don Allah."

"Tun ɗazu kake cewa minti biyar."

Kai tsaye ya zana ta a jikin farantin, irin na mai ɗinki. Da ya zo tsomawa, ya rufe sauran fuskar da kaki bayan tsomi na farko, ya bar tabon girarta kaɗai a buɗe. Ya sake tsomawa. Ya sake, har sau uku.

"Me ya haɗa ka da tabon nan? Mutane ɓoye irinsa suke yi."

"Shi na fara gani lokacin da kike korata famfo. Ina kika samo shi?"

"Ina shekara biyar na bi Yaya da gudu, na yi karo da ƙofa."

"To, ina gode wa ƙofar nan."

"Allah ya shirye ka!"

Bugu ɗaya tak ya yi. Da ya ɗaga takardar daga injin, Auta ta ga fuskar da take gani kowace safiya a madubi, sai dai wannan ta fi waccan sanin cewa ana son ta. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Naki ne. Ba za a yi na biyu ba."

A gida kuwa labari ya sha bamban. Tun rasuwar mahaifinsu, Yaya ne uba. Mai kantin magani ne, mutum mai son komai a jere da lamba a jiki. Da ya ji sana'ar mai neman ƙanwarsa, sai ya cire tabarau ya aje.

"Zane? Shi ne aikin, ko shi ne abin da yake yi bayan ya taso daga aikin?"

"Shi ne aikin, Yaya."

"Umma, kin ji 'yarki."

"Na ji," in ji Umma. "Yaron yana da ladabi, ka bi a hankali."

"Ladabi ba ya cika tukunya, Umma."

Da ƙyar aka samu ya sassauto. Ya ce yaron ya nuna masa zai iya tsayawa da ƙafarsa, sannan a yi magana. Ana cikin haka sai ga mai babban zauren baje koli ya ga aikin Mai Zane, ya ba shi wata shida ya shirya. Murnar da Auta ta yi ranar, har rawa ta taka a kicin. Ba ta san cewa mai zauren bai taɓa zaɓen komai da kansa ba. 'Yarsa ce mai nunawa da yatsa, shi kuma ya biya, shi ya sa ma'aikatansa suke kiranta 'Yar Gata a bayan idonta.

'Yar Gata ta fara zuwa shago duba yadda aiki ke tafiya. A zuwa na biyu ta ga farantin a jingine, ta tambayi ko wace ce. A zuwa na uku ba ta tambayi komai ba. Washegari ciwon kai ya kai ta kantin Yaya, duk da kantunan magani biyar da ta wuce a hanya.

"Kai ne yayan wadda Mai Zane ya zana a faranti? Kai, kun yi sa'a! Ka san faranti ɗaya yana buga ɗari biyar? Nan gaba kaɗan duk shagon aski da ka shiga, ƙanwarka za ka tarar a bango."

Yaya bai ko rufe kanti ba. A tsakiyar shagon Mai Zane ya tsaya yana huci.

"Fuskar ƙanwata ba kalanda ba ce! Ko ka kankare ta, ko kada in sake ganin ƙafarka a ƙofar gidanmu!"

Da yamma Mai Zane ya kira Auta, murya a dishe.

"Idona, ya zan yi?"

"Kankare mana," ta ce, ko ɗar ba ta ji ba. "Ai nawa yana wurina. Faranti ƙarfe ne kawai, in dai kai kana nan."

Allah sarki. Ita da bakinta ta ba da izini, kuma abin da ya fi ci mata rai daga baya ke nan.

Daga nan zuwansa ya ragu. Aiki ya yi yawa, mai zaure yana matsa masa, a yi haƙuri har a buɗe baje koli. Ta yi haƙurin. Ranar buɗewa ta sa sabuwar rigar da ta ɗinka don ranar, Umma ta bi ta da addu'a har ƙofa, Yaya ma ya ce in abin ya yi kyau yaron ya zo ya same shi.

Abin da ta tarar kun riga kun ji.

* * *

Kwana biyu tana ɗaki. Yaya ya leƙo, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mota a hannu.

"Auta... ai dama na faɗa."

"Ka faɗa, Yaya."

"In laifina ne, ki yafe min."

"Kai ka ce a kankare. Ba kai ka ce a cike gurbin ba."

Ya ja mata ƙofar a hankali.

Litinin da safe ta koma aiki da kumburarrun idanu. Ba ta gama sa safar hannu ba aka ƙwanƙwasa. Mai Zane ne, rigar ranar baje koli a jikinsa, da wani abu naɗe cikin tawul a hammata.

"Idona..."

"Malam, in zane ka zo gani, ga rajista can."

"Don girman Allah ki saurare ni. Minti biyar."

Ta yi wata dariya mara daɗi. "Har yanzu minti biyar ɗin ne?"

Ya shigo ya rufe ƙofar. Magana ta ɓalle masa kamar an kunce famfo. Mai zaure ne ya ce dole hoton 'yarsa ya zauna a tsakiya, in ba haka ba a fasa komai. Kwana goma suka rage, babu wani faranti mai girman nan sai wannan. Maganar baikon ma a gaban mutane aka jefo masa ita, harshensa ya ɗaure.

"Ba na son ta! Wallahi ke nake so! Ki ce min e kawai, yau ɗin nan zan je in warware komai, ko da zaurensu zai zama na ƙarshe da zan shiga."

Ƙarya za a yi in an ce zuciyarta ba ta motsa ba. Shekara guda tana jiran mutumin nan, ga shi a gabanta yana roƙo, kuma har yanzu tana son yadda yake kiran sunan da ya raɗa mata.

"Tabon fa?" ta ce a hankali.

Idonsa ya yi haske.

"Kin gani, ko? Na san za ki gani! Da gangan na bar shi, Idona. Kamar kunnen mai ɗinki. Don in kin gani ki san ban manta da ke ba, ki san dole aka yi min."

Hawaye suka ciko mata. Maganarta ce, kalma da kalma, ya dawo mata da ita. Ta so ta yarda, ta so ƙwarai. Da a waya ya faɗa, da ta yarda.

Amma ya zo da farantin.

"Ga shi, ki duba da kanki," ya ce, yana warware tawul ɗin. Wannan shi ne kuskurensa. Ya san tana son sa, sai ya manta da aikin da take ci da shi.

Auta ta share ido da gefen hannu. Ta shimfiɗa ƙyalle a teburi, ta ɗora farantin, ta jawo fitila ta karkatar da ita har haske ya kwanta a jikin ƙarfen. Kowane rami da kowane ƙarzani ya tashi tsaye. Ta duƙa da gilashinta.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka.

Kewaye da tabon, ƙarfen ya lotsa. Sawun makankari ya bi ta kansa daga dama, ya dawo daga hagu, ya sake bi a karkace. Ta juya farantin ta baya. A daidai bayan tabon akwai sawun guduma, ƙanana, a cure wuri ɗaya, irin bugun da ake yi don a turo ƙarfe ya cike rami. Ta bi su da yatsa tana ƙirgawa.

"Goma sha ɗaya," ta ce.

"Me?"

"Sau goma sha ɗaya ka bi tabon nan da guduma. Sauran fuskata sau nawa? Babu ko ɗaya, da sauƙi ta fita. Wanda ya bar abu da gangan ba ya bin sa da guduma ta baya, Malam. Ka yi iyakar ƙoƙarinka. Shi ne ya ƙi fita, don ranar da ka yi shi sau uku ka tsoma. Da ya gagare ka, sai ka saƙa inuwa a kansa."

"Na ji tsoro ne kada ta gani..."

"Ta gani. Ita ta zaɓi farantin."

Ya zube a kan kujera. Auta ta mai da farantin ta fuska. Ta ci gaba, domin mai duba zane ba ya tsayawa a rabi.

Sarƙar wuyan an yi ta a gaggauce, zobba-zobba, ko rufewa wasu ba su yi ba. Rigar layi biyar ce. Gashin ma ba a ɓata masa lokaci ba. Har ta fara jin sanyi a ranta, tana cewa to, ƙarya ɗaya ce, ta tsoro, wataƙila ana iya yafe ta.

Sai gilashin ya sauka a kan bakin.

A leɓen ƙasa allura ta zauna ta ƙi tashi. Gajerun layuka ne sirara, kowanne ya bi lanƙwasar ɗan'uwansa, ga wani ɗan fili da aka bari fari don ya yi sheƙi. A kusurwar bakin, inda murmushi ke farawa, allurar ta koma, ta sake komawa, a hankali, ba gaggawar kwana goma a wurin ko kaɗan. Auta ta san wannan tafiyar hannun. Ta taɓa ganinta a girarta.

Ta aje gilashin.

"Sarƙar aiki ce," ta ce. "Rigar aiki ce. Bakin nan ba aiki ba ne."

"Idona, zane ne kawai..."

"Kada ka sake kirana da sunan nan! Ni na koya maka kallon nan, a teburin nan! Asabar nawa ta zauna maka?"

Ya kau da kai.

"Nawa?"

"Huɗu," ya ce, da ƙyar.

"A cikin kwana goma?"

Ya rufe fuska da hannayensa masu baƙin farce, kafaɗunsa suka fara girgiza. Abin haushi, kukan nasa na gaskiya ne. Yana son Auta, yana son waccan, yana son zauren, kuma so yake a tausaya masa a kan duka ukun.

"Zan kankare ta," ya ce cikin kuka. "Zan mai da ke. Na haddace fuskarki, ko ido a rufe zan iya."

Auta ta ɗaga farantin, ta danna tsakiyarsa da babban yatsa. Ya lotsa ya dawo, da 'yar ƙara irin ta murfin gwangwani.

"Ka ji? Ya yi siriri. Ka sake kai masa makankari, hujewa zai yi." Ta naɗe shi cikin tawul ɗin, tsaf, kamar yadda take naɗe kayan mutane, ta miƙa masa da hannu biyu. "Kai mata abinta. Allah ya ba ku zaman lafiya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. In ka fita ka ja ƙofar, iska tana ɗaga takardu."

Ya daɗe a tsaye yana jiran ta ɗago. Ba ta ɗago ba. Ta ji takunsa a matakala, yana tsayawa, yana ci gaba, har ya ɓace.

Ta zauna ita kaɗai. Can ta miƙe ta jawo durowa ta tara, ta fito da takardun nan biyu ta jera su ƙarƙashin fitila. Mai ɗinki da allurarta a hagu. Matar attajiri da leshinta.

Shekara huɗu, da ɗoriyar guda yanzu, tana kai gilashi kan kunnen nan. Ko sau ɗaya ba ta taɓa kai shi kan fuskar matar ba, saboda haushinta da take ji. Yau ta kai.

Leshin an yi shi a gaggauce. Sarƙar ma haka. Amma a idon matar, a fatar da ke samansa, allura ta zauna ta ƙi tashi. Ta koma ta fi sau talatin. Kewaye da kunnen mai ɗinki kuwa, da ta karkatar da fitila sosai, ga inuwar sawun makankari nan a jikin takardar, daga dama, daga hagu, a karkace.

"Allah sarki, 'yar'uwa," ta ce wa mai ɗinki. "Ashe ke ma ƙoƙarinsa ya yi."

Ta zaro katin bayanin. Rubutunta ne, da fensir: an sauya fuskar bisa umarnin mai saye. Ta ɗauki magogi ta goge layin, ta hure ɓurɓushin gefe. Ta rubuta: mai zanen ne ya sauya fuskar da hannunsa, ya yi ƙoƙarin kankare kunnen, bai fita ba.

Ta sa kwanan wata a ƙasa.

Sai ta ji abin ya taso mata daga ƙirji. Da sauri ta tura kujerarta baya, nesa da teburin, domin hawaye yana barin tabo a tsohuwar takarda. A can tsakiyar ɗakin ta zauna ta yi kukanta, da safar hannu a hannunta.